Tsoron Fita: Ciwon da Ke Tsare Mutum a Gida

Ana tsaka da ciniki a Babbar Kasuwar Sakkwato, sai gaban mutum ya yanke ya faɗi. Zuciya na dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya sarƙe, ya sakankance ajali ne ya zo. Cikin 'yan mintoci abin ya lafa. Amma daga ranar ya daina shiga kasuwa. Sannu a hankali hawa Keke Napep ya gagare shi, ran Juma'a ma sai dai ya yi sallah a bakin ƙofar masallaci.

Wannan shi likitoci ke kira agorafobiya, ɗaya daga cikin cututtukan fargaba. Wani likitan Jamus, Carl Westphal, ya raɗa sunan a 1871, daga kalmar Girkanci "agora", wato dandalin kasuwa. Sai dai ba kasuwar ake tsoro ba. Tsoron shi ne abin ya sake tasowa a inda babu hanyar gudu, babu mai kawo ɗauki.

Wurare 5 likita ke tambaya a kai: motar haya, fili buɗaɗɗe, rufaffen wuri, layi ko cunkoso, da fita kai kaɗai. In tsoron ya shafi 2 ko fiye, ya kai wata 6, yana kuma hana harkokin rayuwa, to ciwon ne. Yakan fara kafin shekara 35, kuma mata sun ninka maza. A nan gida wannan abin lura ne ƙwarai, domin matar da ta daina zuwa biki, suna, har awon ciki, sai a ce kamun kai ne, ta shekara tana wahala ba wanda ya sani. Wasu kuma su ce iska ce ko sammu.

Me ke ciyar da ciwon? Gudun. Duk ranar da ka juya gida hankalinka ya kwanta, ƙwaƙwalwa ta ɗauka gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. Jiri da dindiris ɗin yatsu da kan zo tare da fargabar kuwa, yawanci numfashi da sauri ke kawo su.

Shi ya sa maganin ke bin akasin gudun. Da jagorancin masanin halayyar ɗan'adam, a jera wuraren daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. A fara da ƙofar gida, sai shagon unguwa, sai gajeriyar tafiya a Keke. A tsaya har fargabar ta sauka da kanta, a maimaita kullum kafin a matsa gaba. Shaƙa numfashi daƙiƙa 4, fitar daƙiƙa 6. Inda aka fi yin kuskure biyu ne: tsallakawa zuwa kasuwa tun ranar farko, da dogaro da ɗan rakiya har abada.

Likita kan haɗa da magani irin sertraline. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya kama, farkonsa ma fargabar na iya ɗan ƙaruwa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Kada a sayi diazepam, maganin kwantar da hankali, a kemis, jiki na saurin sabawa da shi. A rage goro, kofi da shayi mai ƙarfi.

A fara da gwajin jini da na zuciya, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan kawo irin wannan bugun. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Tarayya da ke Kware. In fitar ce ta gagara, wani ɗan'uwa ya fara zuwa ya yi wa likita bayani.