Ba ɗanta ba ne, baƙonta ne

Jama'ar Nima da Mamobi da Sabon Zango, salamu alaikum. Tun makon jiya bidiyon nan ke yawo a WhatsApp: wani mutum ya kafa bututu a cikin taɓo a bakin teku, ya zuƙo, ya zazzage a rariya, sai ga jatan lande biyu, babba da ɗan mitsitsi. Kowa na ta rubuta "Allah sarki, uwa da ɗanta." Hajiyarmu ma har ta ce a mayar da su tare, kada a raba uwa da jinjiri. Tausayin nan ya yi kyau, Hajiya. Amma ba ɗanta ba ne.

Ku fara duba wurin. Wannan koren ciyawar teku ce, tana da saiwa, tana fure, kuma ruwa mara zurfi mai kwanciya take so, irin na gaɓar Indunusiya da tsibiran Karibiyan. Tsibin yashin nan da kuke gani, bakin rami ne.

[Hoton ramin daga ciki]

Babbar ita ce mai ramin. Fara ce sol, jikinta laushi, shi ya sa masana ke ce mata fatalwar jatan lande. Raminta kan zarce mita 1 a zurfi, da lunguna da ɗakuna.

To, ga inda ake kuskure, kuma a nan zan daɗe. Jatan lande irin waɗannan ba sa reno. Uwa tana riƙe ƙwai a ƙarƙashin cikinta, idan ya ƙyanƙyashe sai 'ya'yan su fita, ƙanana ƙwarai, ko kama da iyayensu ba sa yi, ruwa ya kwashe su. Can suke yawo suna saɓa, sai sun sauya kama sannan su sauko ƙasa. Ba goyo, ba rakiya.

Yanzu a tsayar da hoton. A matso. Kun ga ƙwayoyin nan a ƙarƙashin cikin ƙaramar? Ƙwai ne. Wadda kuke kira jinjira, ita ma uwa ce, ta gama girmanta ke nan, da kyar ta kai santimita 2. Ku kuma dubi hannuwanta da kanta, ba irin na babbar ba ne. Danginsu ma daban: ita daga dangin Alpheidae take, 'yan'uwan masu ƙyasta hannu da ƙara kamar bindiga. A shekarar 1965 masani Austin Williams ya bayyana wata irinta a gaɓar Amurka, ya sa mata suna Leptalpheus forceps, a ramin wani ya same ta. Sau da yawa ma biyu ake samu, mace da namiji, a gidan da ba su haƙa ba.

Mu 'yan zango bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kakanninmu fataken goro da suka sauka Kumasi da Salaga, a gidan wa suka kwana? Gidan maigida, mai saukar da fatake. Ni dai duk lokacin da na kalli hoton nan, abin da ke faɗo mini ke nan.

Me baƙuwar ke samu? Mafaka, domin a fili kifi zai haɗiye ta nan take. Sai iska: mai ramin tana kaɗa ƙananan ƙafafun cikinta kamar mafici, sabon ruwa na shigowa. Sai ɓurɓushin abinci. Wasu masu ramin har ganyen ciyawar suke ja su tara a ɗaki.

Kada ku haɗa da wani bidiyon daban, na ƙaramin kifi mai gadi a bakin ramin jatan lande. Can jatan landen ne ke haƙa, kifin na tsaro, eriyar jatan landen a jikin kifin, da kifin ya kaɗa wutsiya su faɗa ciki tare.

Bututun kuwa, masunta a Ostareliya da shi suke neman abin sa wa ƙugiya, masu bincike suka ara, domin dabbar da ba ta fitowa ba a ganinta sai an zuƙo. Har yanzu ana ta gano sababbin iri ta wannan hanya.

Wanda ya tura wa Hajiya na farko, ya tura mata wannan ma, a tsayar mata daidai wurin ƙwan.