Juya Ganyen, Jira Furen: Yadda Ake Gane Baƙon Tsiro a Lambun Gida

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zaman masu lambun gida a Zariya, cikin watan Agusta. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da warhaka. Teburin nan ya cika da ganye, wasu a leda, wasu a jarida, wata Hajiya ma da tukunyar ta zo ɗungurungum. Kowa tambayarsa ɗaya: Malam, mene ne sunan wannan? Wani ya ce a bakin titi ya saya, mai fulawar ya ce masa sunanta fulawa. Wata ta ce maƙwabciya ce ta yago mata. Wani kuma bai shuka ba, tashi ya yi ya gan ta a gindin famfo.

Wanda ya tsinko ganye ɗaya tak ya kawo, rabin shaida ya kawo. Gane tsiro da ganye kaɗai kamar gane mutum ne da rigarsa a filin Idi, za ka yi ta gaida wanda ba shi ba. Rana da inuwa da taki duk suna sauya ganye. Tsiro ɗaya, na inuwa ganyensa ya yi faɗi, na rana ya tsuke. Abin da ba ya sauyawa shi ne wurin da tsiron ke haihuwa. Tun 1753, lokacin da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu na Latin, wurin haihuwar nan masana suke dubawa. Ga mai fure, furen. Ga wanda ba ya fure, bayan ganyen.

Mu fara da waɗanda ba sa fure, su ne masu fulawa ke kira fan. A duniya sun haura iri 10,000, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke yin fure ko 'ya'ya. Kakanninmu sun san saiwar ɗaya daga cikinsu a hannun masu magani, wato agugu, maganin tsutsar ciki. Dalziel, likitan Turawa da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta cewa daga Adamawa ake kawo shi. Ba mamaki, don fan ɗan danshi ne, ƙasarmu kuwa rani ya fi yawa.

Alama ta farko, sabon ganye. Ganyen fan a naɗe yake fitowa, kansa a lanƙwashe, sannan ya warware a hankali. Alama ta biyu ita ce babba. Alhaji, ɗauki wannan ka juya bayansa, a miƙa wa na baya su ma su gani. Kun ga ɗige-ɗigen nan ruwan ƙasa? Ba cuta ba ce, ba ƙwai na ƙwari ba ne. Mutane da yawa da sun gan su sai su ɗauko maganin feshi, su ƙona shukar da hannunsu. Ku duba da kyau: ƙwaron da ke manne wa ganye barkatai yake zama, har kan kara, in ka sa farce ya ɓamɓaru, wurin kuma yana danƙo. Waɗannan kuwa a jere suke, dama da hagu daidai wa daida, a bayan ganye kaɗai. Jakunkuna ne na wata ƙura mai laushi, da ita fan ke yaɗuwa. Ku kwantar da ganyen a kan farar takarda ya kwana, da safe za ku ga ƙurar ta zana siffarsa.

Ƙurar nan in ta faɗa wuri mai laima ba fan take fitarwa kai tsaye ba. Wani ɗan koren abu take fara yi, shimfiɗe a ƙasa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A jikinsa ake samun ɓangaren namiji da na mace, kuma na namijin sai ya yi iyo cikin ruwa kafin ya isa wurin na macen. In babu laimar ruwa, babu haihuwa. Shi ya sa kuke ganin fan a bakin rijiya, bayan randa, jikin kwata da tsagin katanga inda bututu ke yoyo, ba a tsakiyar tsakar gida ba.

To, yadda jakunkunan suka jeru shi ke ba ku dangin. Wannan dogon mai kama da gashin tsuntsu, wanda ya fi yawa a barandar gidaje, ɗigensa zagayayyu ne, siffar ƙoda, layi ɗaya kusa da bakin kowane ƙaramin ganye. Nephrolepis ke nan. Yana fitar da siraran igiyoyi daga gindi su kafa sabon tsiro a gefe, wasu irinsa kuma in kun tona za ku tarar da 'yan ƙwallaye a saiwa. Akwai namu na gida, Nephrolepis undulata, da rani ya bushe ƙurmus, ruwa na sauka ya dawo daga ƙwallayen nan. Kada ku zubar da tukunyar a watan Janairu kuna cewa ya mutu.

Wannan kuma ba ɗigo gare shi ba. Layi ne dogo ya bi bakin ganyen, bakin ya naɗo ya rufe shi. Wannan Pteris ne. Akwai irinsa, Pteris vittata, mai son jikin tsohon gini, wanda a 2001 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka gano yana zuƙe gubar asanik daga ƙasa ya tara a ganyensa ba tare da ya mutu ba. Na ukun shi ne wanda na fi so, Adiantum: karansa baƙi ne siriri mai sheƙi, ƙananan ganyensa sirara, jakunkunan a ɓoye ƙarƙashin 'yan leɓuna a bakin ganye. Da damina kuna samunsa a gaɓar rafi da jikin rijiya. Wanda ganyensa bai rarrabu ba, faffaɗa guda, ya yi da'ira da rami a tsakiya, layukan ƙurarsa kuma sun bi jijiyoyi a karkace, Asplenium ne. In kuwa kun juya kuka ga bayan fari fat da hoda, har ta kama yatsa, Pityrogramma ce, asalinta Amurka mai zafi, ta zo ta zama 'yar gari a Afirka ta Yamma.

Yanzu ga mai sojan gona. Wannan mai laushin nan da masu kwalliyar biki ke sakawa cikin fulawar amarya, kowa fan yake ce masa. Juya bayansa, babu komai. Shafa karansa, ga ƙaya. In ya girma zai yi ƙananan fararen furanni, ya yi 'ya'ya. Abin da ya yi 'ya'ya ya fita daga wannan dangi. Asparagus ne, daga kudancin Afirka, ɗan'uwan ƙayar ɓera ta dajinmu. Bambancin yana da amfani, don shi yana jure ƙishi saboda ruwan da yake ajiyewa a saiwa, mafi yawan fan na gaskiya kuwa hunturu ɗaya ba ruwa ya gama da su.

Masu dabbobi, kalma ɗaya. Akwai wani babban fan, Pteridium, da ya cika tsaunukan Mambila da Obudu. Shanun da suka daɗe suna cinsa sukan yi fitsarin jini. In wani ya kawo muku tsarabarsa daga can, kada ya zauna kusa da turke.

Mu koma kan masu fure, waɗanda ba sa mutuwa bayan damina ɗaya. Nan shawarata ita ce kada ku fara da neman cikakken suna. Ku nemi dangi tukuna, dangin kuma mafi yawansu kun riga kun san su a gona da kicin.

Ku ƙirga ganyen furen, wato masu launin nan. In uku ne ko shida, jijiyoyin koren ganyen kuma sun tafi a miƙe gefe da gefe irin na dawa, kuna ɓangaren su albasa. In huɗu ne ko biyar, jijiyoyin sun yi raga, kuna ɗaya ɓangaren. Da wannan kaɗai kun raba aikin biyu.

Ga wannan jan furen babba. Kun ga sandar da ta fito daga tsakiyarsa da 'yan rawayen kawuna a jikinta? Duk wanda ya taɓa duba furen kuɓewa, ko yakuwa, ko rama, ko auduga, ya san sandar nan. Gidansu ɗaya. Kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, ka murza ka ji ƙamshi, wannan gidan su ɗoɗɗoya ne da na'a-na'a. Bougainvillea kuma, wadda ta lulluɓe katangun unguwannin ma'aikata, abin da kuke kira furenta ba fure ba ne, ganye ne guda uku da suka rine. Leƙa tsakiyarsu, ga ainihin furannin nan ƙanana, farare. Daga Kudancin Amurka ta fito.

Inda nake so mu daɗe shi ne wurin masu albasa a ƙasa, don nan ake samun matsala. Duk abin da ke da kai a ƙasa da dogon ganye, mutanenmu gadali suke ce masa. Suna ɗaya, tsirrai barkatai. A wani wurin kuma tsiro ɗaya ne da sunaye da yawa: baurere, wani gari su ce gatarin kurege. Dalilin da ya sa muke wahalar da ku da Latin ke nan, ba don burga ba. Albasar kwaɗi, mai farin fure da jan zane a tsakiyar kowane ganyen fure, wadda ke fitowa a fadama farkon damina, Crinum ce. Wadda ake shukawa a gida mai jan fure da ke buɗewa da rani, sau da yawa kafin ganye ya fito, Hippeastrum ce, baƙuwa daga Kudancin Amurka. In babu fure kusan ba a raba su. In akwai, ku yanke sandar furen: ta Hippeastrum rami ne a ciki, ta Crinum a cike take. Dukkansu ba sa warin albasa, kuma dukkansu guba ce, suna sa amai. Albasar da ba ta warin albasa kada ta kwana a kicin.

Baurere, Gloriosa superba, ita ba ta ɓuya. Ƙarshen kowane ganye ya zama ɗan zare yana kama abin hawa, furen ja da rawaya, ganyensa sun juya baya suna murɗewa. Zimbabuwe ta ɗauke ta furen ƙasa. Amma saiwarta tana kama da ƙaramar doya, kuma a Indiya da Siri Lanka an sha kai mutane asibiti, wasu sun rasu, saboda sun ci ta.

Sai masu ruwa a jiki. Ku karya ɗan reshe, amma ba kusa da ido ba. In farin nono ya fito, ko ruwa mai danƙo, ku yi zargin gida biyu. Ko dai gidan su tinya da aguwa, irin wannan mai ƙaya da 'yan jajayen kunnuwa biyu-biyu, Euphorbia milii ta Madagaska. Ko kuma gidan su tumfafiya. Kariya tana nan, mai kumburarren gindi da ke fure da rani ba ganye, wadda maharba suka daɗe da sanin dafinta. Oleander ma tana nan, ganyenta dogaye masu tauri, uku-uku a kowace gaɓa. Gubarta zuciya take kamawa, akuya ta ci ta faɗi, kuma ba a hura wuta da itacenta. Ga kuma wannan 'yar ƙaramar mai ganyen fure biyar-biyar, ruwan hoda ko fari, da ke fitowa ko a tsagin siminti, Catharanthus roseus. Daga ita aka ciro magungunan sankarar jini a shekarun 1950 da 1960, har yau ana amfani da su. Wannan ba izini ba ne a dafa ta a sha. Maganin da ke asibiti an auna shi, na tukunya ba a auna ba.

Na ga matasa sun ɗaga waya. E, akwai Pl@ntNet, akwai iNaturalist, akwai Google Lens, ni ma ina amfani da su. Sai dai da hotunan da aka ɗora musu suka koyi aiki, kuma na Turai da Amurka sun fi namu yawa nesa ba kusa ba. Fulawar da aka shigo da ita sukan gane ta. Tsiron dajin Giwa ko Birnin Gwari kuwa, sai su ba ka sunan wani ɗan'uwansa na wata nahiya, ba ko kunya. Abin da waya ta faɗa zato ne, sai ka koma ka ƙirga furen da kanka. Kuma hoto ɗaya daga sama bai isa ba: a ɗauki tsiron gaba ɗaya, da furen ta gaba da ta gefe, da bayan ganye, da yadda ganye ya kama kara.

In abin ya gagara, ku busar da shi. Reshe mai fure, ko ganyen fan mai ƙura tare da ɗan guntun saiwarsa, a shimfiɗa cikin tsohuwar jarida, a juya ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, a danne da katako da abu mai nauyi. Da damina a riƙa sauya jaridar kullum, in ba haka ba ya yi fumfuna. A rubuta rana, da wuri, da tsawon tsiron, da launin furen, don launi yana gushewa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗakin adana busassun tsirrai a nan Samaru, akwai kuma babba a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan. A can ake gwada naku da waɗanda aka riga aka tantance.

Wata mahalarciya ta tambaya: Malam, tawa shekara da shekaru tana falo, ba ta taɓa fure ba. Ya zan yi?

Hajiya, ɗago ta mu gani. Yawwa. Faffaɗan kore da fararen dabbare-dabbare, kara mai kauri da gaɓoɓi. Wannan tana cikin 'yan kaɗan da ganyensu ya isa shaida. Dieffenbachia ce, gidansu ɗaya da gwaza, kuma a cikin ɗaki da wuya ta yi fure. Kin san ƙaiƙayin ɗanyen gwaza a maƙogwaro? Nata ya fi. Akwai wasu ƙananan tsinaye a ruwanta da ido ba ya gani, in yaro ya tauna sai baki da harshe su kumbura har magana ta gagara. In hakan ta faru a wanke masa baki da ruwa mai sanyi, kada a sa shi amai, in numfashi ya fara wuya a garzaya asibiti da ganyen a hannu. Akwai jikoki a gidan? To a ɗora ta inda hannunsu ba ya kaiwa, in za ki yanke ta kuma ki sa leda a hannu.