Na'urar auna huhu: yau sirinji ya ƙaryata ni

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hular sanyin nan, a Jamus yanzu tun ƙarfe huɗu da rabi gari ke yin duhu, ga hitar ɗakin gwajin namu sai a hankali.

To ga na'urar auna huhun da nake ƙerawa, wadda nake ta ba ku labari, bari in matso da ita kusa da kyamara. Bututun nan da injin 3D na buga shi. Kun hango 'yar ragar da ke tsakiya kamar rariya? In ka hura, iska na ɗan cijewa a wurin, matsin gaba ya fi na baya. Wannan ɗan sensa shi ke jin bambancin, ɗan ƙaramin allon kwamfuta mai suna ESP32 kuma ya mayar da shi lita. Abu biyu likita ke dubawa: iskar da ka fitar a daƙiƙar farko, wato FEV1, da duk wadda huhu ya iya fitarwa, FVC. In ta farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na ta biyu ba, bayan an shaƙi maganin buɗe hanyar numfashi, to akwai toshewa.

Da safe na gwada da sirinjin awo, wanda cikinsa lita 3 ne cif. Allo ya nuna 3.02, har na tura wa Umma hoto. Sai na hura sau takwas, na sake tura sirinjin: 3.4! Alhali ƙa'ida ba ta yarda kuskure ya wuce kashi 3 ba, iyakarta 3.09.

Ina buɗe bututun sai ga raɓa jage-jage a ragar. Numfashi na fitowa da ɗumi da laima, ɗaki kuwa sanyi ƙalau, ramuka suka toshe, sensa ya ɗauka iskar ce ta ƙaru. Abin da ya sa ake ɗumama bututun auna huhu irin wanda ake kira Fleisch ke nan. Amma ɗumamawa batiri take sha, ni kuwa asibitin ƙauyenmu nake hange, inda wuta sai an yi sa'a. Kakata shekara da shekaru tana fama da fuka, ga hayaƙin murhu ga ƙurar hunturu, ba a taɓa ba ta wani abu ta hura ba.

Yanzu dai na sa injin ya fara buga wani bututun mai ragar da ake zarewa a sauya. Awa uku zai ci. Bari in yi Isha'i in ɗora taliya kafin ya gama.