Maleji Ba Ya Faɗin Shekarun Inji

Bashir: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Bashir ne ke magana, ga Injiniya Zainab, ga kuma Baba Habu, wanda sai da na je har gareji na ɗauko shi, hannunsa ma bai gama wankuwa ba.

Baba Habu: Hannun bakanike ba ya wankuwa, ɗana. Ranar da ka gan shi fes, to babu aiki a gari.

Zainab: Sannu da zuwa, Baba.

Bashir: Ga abin da ya kawo mu yau. Wani abokina ya turo min hoton Porsche 911 GT3 ta 2014 da aka sa a kasuwa a Amurka. Malejinta bai kai kilomita 20,000 ba. Ya ce min, "Bashir, wannan ai sabuwa ce dal." Sai dai mai ita ya rubuta da hannunsa cewa filin tsere yake kai ta duk ƙarshen mako. Baba, sabuwa ce?

Baba Habu: Dokin da aka yi shekara ana sukuwa da shi, da wanda aka yi shekara ana hawa zuwa kasuwa, haƙoransu ɗaya ne. Amma ka duba ƙafafun.

Zainab: Bari in sa lissafi a kan maganar Baba. Injin wannan motar lita 3.8 ne, kuma yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. Wato sau 150 a daƙiƙa guda. A kowane juyi fistin yana tsayawa cak sau biyu, sama da ƙasa, ya juya baya. Sau 300 ke nan kafin ka ce "ɗaya". Kuma nauyin da ke fizgar kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan ka tashi daga juyi 6,000 zuwa 9,000, gudun rabi kawai ya ƙaru, amma fizgar ta ninka fiye da sau biyu.

Bashir: A titi kuma ba a zama a can sama.

Zainab: Ina! A titi ka taka totur na daƙiƙa biyar, ka ga rami ko ɗan sahu, ka saki. A fili kuwa minti ashirin ko talatin allura tana kusa da jan layi. Shi ya sa wasu masu tsere sa'a suke ƙirgawa, ba kilomita ba. Motar tsere ta 911 GT3 Cup ta 2021, Porsche cewa ya yi a duba injinta bayan sa'a 100 a fili. Sa'a, Yaya Bashir. Kwana huɗu da 'yan awanni idan ka haɗa su.

Baba Habu: Kwana huɗu! Ni da nake da kwastoma mai tsohuwar Corolla da ta haura kilomita dubu ɗari huɗu ba a taɓa buɗe kanta ba.

Bashir: To me ke fara mutuwa?

Baba Habu: Metal. Kullum metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Duk injin da ka ji an ce ya buga, je ka kwance kaskon ƙasa, za ka ga baƙin man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin tagulla. Wannan ƙyallin naman metal ne. Karanshaf ba ya taɓa metal idan lafiya lau ake, mai ne a tsakaninsu, siririn da bai kai kaurin gashin kai ba. Da zarar man nan ya yanke, ko na ƙiftawar ido ne, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Zainab: Kuma a fili yana yankewa ko da ka cika mai har baki. Ka taɓa ɗauko kwanon miya a kan babur ka sha kwana?

Bashir: Na taɓa, kuma wandona ne ya sha miyar.

Zainab: To haka mai yake yi a cikin kasko. Motar da ke da tayoyi masu kama ƙasa, idan ta shiga doguwar kwana, man gaba ɗaya sai ya kwanta gefe guda. Bututun da famfo ke zuƙa da shi yana tsakiya, sai ya zuƙo iska da kumfa. Direba bai san komai ba, yana jin daɗinsa. Wani lokaci ko fitilar gargaɗi ba ta kamawa, don ƙarfin man bai faɗi ƙasa ƙwarai ba, ya dai gaza abin da juyi 7,000 ke bukata. Kowane zagaye a ɗan ci metal kaɗan, har ranar da za a ji ƙwanƙwasa.

Baba Habu: Kashe-mu-raba ke nan tsakanin taya da inji. Ka sayi taya mai kyau, ka kashe inji.

Zainab: Abin da ya sa manyan motocin ke raba gari da kasko ke nan. Ana ajiye man a wani dogon tanki daban, famfuna suna kwashe duk abin da ya sauka ƙasa suna mayarwa can, inji kuma yana sha daga gindin tankin. Duk yadda ka karkata, akwai mai. GT3 haka take. Amma ɗauki Toyota GR86 da 'yar uwarta Subaru BRZ, su kasko ne irin na kowa. Masu su da suka sa na'urar awo sun nuna ƙarfin mai yana faɗuwa a kwanar dama. Wasu kuma da aka buɗe injinsu an tarar da ɓarɓashin gam ɗin da aka liƙe kaskon da shi ya taru a rariyar bututun.

Bashir: Ita ce wadda aka yi rigimar garanti a kanta?

Zainab: Ita ce, a 2022 a Amurka. Injin wani ya buga, aka ƙi gyara masa saboda an ga hotonsa yana wasa da motar a fili. Alhali Toyota da kansa yake ba mai sayen motar kyautar yini guda a filin tsere. Da surutu ya yi yawa a intanet, kamfanin ya janye, ya biya.

Baba Habu: Ka ba yaro alewa, ka ce kada ya tsotsa.

Bashir: Mu dawo kan ta abokina. Tunda tana da wancan tankin, shi ke nan ta tsira?

Zainab: Da ma a ce haka ne. Wannan samfurin na 2014 tarihinsa daban. A farkon shekarar biyu suka kama da wuta, ɗaya a Suwizalan, ɗaya a Italiya. Porsche ya ce kowa ya ajiye tasa, kada a tuƙa. Da aka bincika, sai aka gano ƙusar da ke ɗaure kwanrod ce ke kwancewa, kwanrod ya fasa jikin inji, mai ya zubo a kan abu mai zafi. Motoci 785 aka riga aka fitar, kuma dukkansu aka sauya musu inji sukutum.

Baba Habu: Ƙusa ɗaya. Allah Sarki.

Zainab: Ba ta ƙare a nan ba. Daga baya aka fara ganin 'yan ƙarafan da ke danna bawul suna cinyewa, inji ya riƙa tari idan an kai shi sama. A 2017 kamfanin ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Ka lissafa, Yaya Bashir. Motar 2014, shekara goma.

Bashir: Wato garantin ya wuce.

Zainab: Sai dai ya tambayi wane inji ne a cikinta yanzu, na nawa ne, kuma yaushe aka sa.

Bashir: Shi ya sa nake jin tsofaffin masoya Porsche ba su da magana sai "Mezger, Mezger".

Zainab: Hans Mezger, injiniyan da ya ƙera injin motar tseren Porsche 917, ya kuma yi wa McLaren injin da ya ci gasar duniya a shekarun 1980. Ya rasu a 2020. Injin GT3 na farko-farko daga zuriyar wanda ya ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1998 ya fito, kuma gaskiya yana da ƙashi. Amma ni ba na son yadda ake mayar da shi waliyyi. Bakunan bututun ruwansa da gam aka liƙa su. Zafi ya yi ta dafa gam ɗin, wata rana a tsakiyar kwana bututu ya fice, ruwa ya malale a gaban tayoyin baya. Masu kai shi fili sai sun sauke inji an yi wa bakunan walda ko an soke su da ƙusa.

Baba Habu: Gam a inji mai wannan kuɗi? Ko yaran garejina ba zan bari su yi ba.

Bashir: Baba, kai ai BMW ka fi gani.

Baba Habu: Na gani kam. Akwai M3 mai silinda takwas da wani yaro ya kawo min, tokumbo, fes da ita. Wannan injin an san shi da cin metal, Turawa ma sukan sauya tun bai yi kuka ba. Na ce masa abu biyu. Mu sauya metal yanzu, sannan da safe ka bar mai ya yi zafi kafin ka taka. Ya ce ai ruwan inji yana yin zafi da wuri. Na ce ruwa daban, mai daban, ruwa yakan riga mai zafi da nisa. Man da ake sa mata mai kauri ne, da sanyin hunturu kamar zuma yake. Shi kuwa yana fita daga gida sai ya ba ta wuta don 'yan layi su ji ƙara. Wata uku aka jawo ta da igiya.

Zainab: Ka ga wannan ko fili bai je ba.

Baba Habu: Filinsa ƙofar gida.

Zainab: Ni har ga Allah na fi yarda da motar da mai hankali ya kai fili, yana ɗumama ta, yana juyen mai a kan kari, yana yin zagayen huce kafin ya kashe, a kan wadda aka yi ta yi wa irin wannan a gari. Zafi ma haka. Corvette Z06 ta 2015, doki 650, masu ita sun kai ƙara kotu saboda tana yin zafi a fili ta rage wa kanta ƙarfi. Abin haushi ne, amma kwamfutar ceton injin take yi.

Bashir: A can ma ke nan. Ina ga an kawo ta nan a watan Afrilu.

Baba Habu: Sai dai a soya ƙwai a bonet.

Bashir: Akwai abin da ke ɗaure min kai. Idan sa'a 100 ce iyaka, ya ake yi a Le Mans? Audi ta yi sama da kilomita 5,400 a cikin sa'a 24 a 2010.

Zainab: Ana rage wa injin buri ne. Mazda da ta ci a 1991, da gangan injiniyoyinta suka rage iyakar juyin don ya kai safiya, ya kai yamma. Kuma ko an yi haka, ba a tsira daga ƙaramin abu ba. A 2016 Toyota tana gaba, saura 'yan mintoci a tashi, Kazuki Nakajima ya ji ƙarfi ya ɗauke. Ba fistin ba ne, ba metal ba ne, mahaɗin bututun iska ne tsakanin turbo da na'urar sanyaya iskar. Ya tsaya daidai gaban 'yan kallo, Porsche ta wuce shi.

Baba Habu: Ranar na tausaya wa mutanen nan. Sai 2018 suka samu.

Bashir: To in abokina ya nace, me zai duba?

Zainab: Ya sa a karanta kwamfutar injin kafin ya biya ko sisi. Porsche tana rubuta duk lokacin da aka wuce iyakar juyi, mataki shida ne, har da sa'ar da abin ya faru. Ta 2014 giyarta mai sauya kanta ce, ba ta yarda ka yi kuskure. Amma a masu giyar hannu, mutum yana gudu ya nufi giya ta huɗu hannunsa ya faɗa ta biyu, tayoyi su tilasta wa inji juyin da babu na'urar da za ta hana. Bawul ya gaisa da fistin. Wani lokaci motar ta ci gaba da tafiya lafiya, mai ita ya wanke ta ya sa a kasuwa.

Baba Habu: Ni kuma a kawo min tsohuwar filtar mai. In yanka ta da zarto, in baje takardar a rana. Abin da ke ciki zai yi ƙyalli.

Bashir: Motar tana Amurka fa, Baba.

Baba Habu: To a sa filtar a leda a aiko. Ai ta fi motar sauƙin dako.