Darasi: Yadda ake samar da alamomin ƙwayar gado domin kare ɗan tsuntsun fadama

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau ya shafi wani ɗan tsuntsu mai waƙa da masana ke kira Acrocephalus paludicola, wanda nauyinsa kimanin giram 12 ne. Yana hayayyafa a fadamun Belarus da Poland da Yukren, sannan ya ƙetare Sahara zuwa Afirka ta Yamma, inda sai a shekarar 2007 aka gano matsuguninsa a yankin Djoudj na Senegal. Busar da fadamu domin noma ne ya rage yawansa matuƙa.

Aikin yana farawa ne da kama tsuntsun da raga mai laushi, a ɗauki ɗigon jini daga jijiyar fiffikensa, a saka a cikin sinadarin etanol, a sake shi nan take. A ɗakin gwaji sai a tace DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a nemi wuraren da gajerun jerin sinadarai ke maimaita kansu, domin yawan maimaicin yana bambanta daga tsuntsu zuwa tsuntsu, kuma ɗa yana gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Waɗannan wuraren su ne alamomin ƙwayar gado. Ana tsara 'yan gutsattsarin DNA da za su kama gefe biyu na kowane wuri, sannan na'urar PCR, mai yin kwafin DNA masu yawa, ta ninka shi.

A nan ne ya kamata a yi haƙuri. Duk alamar da aka gwada a kan tsuntsaye da dama ta fito iri ɗaya ga kowa, to a ajiye ta, domin ba za ta bambance komai ba. Haka kuma wadda take ɓoye kwafi ɗaya tana iya sa a zaci ana auratayya tsakanin dangi alhali babu, kuma a ganina wannan kuskuren ya fi haɗari, tun da a kansa za a gina shawara.

Namijin wannan tsuntsu ba ya taya renon 'ya'ya, kuma sau da yawa 'yan tsakin sheƙa guda ubanninsu daban-daban ne, don haka ido kaɗai ba zai tantance dangantaka ba. A 2018 an kwashi 'yan tsaki daga fadamar Zvanets ta Belarus zuwa Zuvintas ta Lituwaniya domin farfaɗo da su a can, kuma a irin wannan aiki alamomin ne ke nuna ko waɗanda aka ɗauko suna da isasshen bambancin gado da zai riƙe sabon garken.