Sharhi: Katangar teku da buhun shinkafar Maradi

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan teku ne, na san wani zai ce yo mu da ke Maradi ina ruwanmu da teku, tsakaninmu da shi a mota ya fi kilomita 1000. To ai shinkafar da ke jibge a babbar kasuwa da man girki da kwantenonin da alhazanmu ke jira duk ta ruwa suka zo, tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina kowa ya ji a aljihunshi.

Kusan kowace tashar jirgin ruwa da ke bakin buɗaɗɗen teku tana da wata doguwar katanga ta manyan duwatsu da tubalan siminti da aka jibga cikin ruwa, ita ke tare igiyar ruwa don jirgi ya samu ya tsaya a sauke kaya. Kwatano ta samu tata a 1965, Lome a 1968. Katangar ga dare da rana ruwa dukanta yake, dole ta lalace dole a gyara. Abin da ke damuna shi ne bayan gyaran, in an yanke ƙyalle an ɗau hoto manya sun shiga mota, wa ke komawa ya duba ko gyaran ya kama?

Ku ji abin da ya faru a Sines ta ƙasar Fotugal. A watan Fabrairun 1978 sabuwar katanga ce fil, an yi mata sutura da tubalai masu ƙahonni kowane ɗaya tan 42, guguwa ta zo ta kakkarya su ta watsar da katangar. Ashe girman tubalin bai hana ƙahonninshi karyewa, da aka zo gyara sai da aka koma ga dunƙulallun tubalai masu tan 90. Irin wanga ne ya koya ma injiniyoyi cewa lissafin takarda daban abin da teku zai yi daban, sai an bi aikin da ido shekara da shekaru.

Bin kuwa ba wani siddabaru ba ne. Sai a zaɓi wasu tubalai a shafa musu fenti a sa musu lamba, a auna inda kowane yake zaune, a ɗau hoto daga sama, yanzu ma da jirgi maras matuƙi ake yi. Baɗi a dawo a ɗauka daga wuri guda a haɗa hotunan biyu, nan za a ga lamba kaza ta gusa, lamba kaza ta tsage, waccan kuma ta nutse. Ana ɗaure wata na'ura tana yawo bisa ruwa tana rubuta tsayin igiya, don in katanga ta motsa a san wane irin ruwa ne ya motsa ta. Kuma duk sa'in da teku ya yi hauka, a gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ya fi yi daga Yuni zuwa Satumba, ba a jiran ƙarshen shekara, washegari ake fita.

Amma babban aikin yana ƙarƙashin ruwa. Duk mai katangar laka a garin ga ya sani daga gindi take mutuwa, sama sumul da yaɓe ƙasa kuwa damina ta gama cinyewa. Haka ruwa ke kwashe rairayin da ke ƙarƙashin duwatsun a hankali, wanda ke tsaye bisa bai ganin komai. Shi ya sa ake bi da kwale-kwale mai na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa, a tura masu nutso su je su shafa da hannu.

Sai kuma rairayi. A gaɓar nan ruwa na tura shi daga yamma zuwa gabas, katanga ta tare shi ya taru gefe guda, ɗaya gefen kuma teku ya dinga cin ƙasa, a gabashin Lome har kwaltar zuwa Aneho ya cinye, a Kwatano mutanen Akpakpa sun rasa gidaje. In rairayin ya cika ya zagayo mashigar jirage, babban jirgi bai iya shiga da cikakken lodi, sai ya tsaya waje yana jira, kuɗin jiran nan kuma wallahi ba mai jirgi ke biya ba, mai sayen tiya ne a Maradi.

Don haka kirana ga alhazanmu da wakilan Nijar da ke zaune a tashoshin nan, in an zauna maganar kuɗin duwan da layin kamyo, a ƙara da tambayar yaushe aka auna zurfin mashiga, yaushe aka duba gindin katanga, a nemi rahoton a gani. Mu manyan abokan cinikinsu ne, muna da bakin tambaya. Sai mu koma ɗakin labarai.