Wani ya faɗa rijiya: abin da ke kashe mai ceto na biyu da na uku

Ku kawo hoton wani saurayi a ranku. Ya ji ihu, ya tuɓe riga, ya kama igiya ya zura ƙafa. Babu wanda ya sa shi, wanda ke ciki ma ba ɗan'uwansa ba ne. Irin wannan zuciyar abin jinjina ce, kuma Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta faɗi matsayin wanda ya raya rai guda. To amma ku tsayar da hoton a nan, domin daga wannan takun ne gawa ɗaya ke komawa uku.

Sau nawa muka ji labarin? Mai yasar rijiya ya shiga, shiru. Ɗansa ya bi shi, shiru. Maƙwabci ya bi, shiru. Sai unguwa ta ɗauka: rijiyar tana da aljanu. Ni dai ban zo musu da kowa kan aljanu ba, amma wannan aljanin yana da ma'auni.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Da ya sauka ƙasa da 19.5, masana tsaron ma'aikata sun ce wurin bai shiguwa. A rijiyar da ta daɗe a rufe, ruɓaɓɓen ganye da shara suna cinye oksijin, su bar iskar kabon wadda ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a ƙasa kamar ruwa a randa. Ba launi, ba wari. A masai da sokawe kuwa akwai wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta wuce. Sai na uku, hayaƙin injin ban ruwa da aka zura ciki ko aka ajiye a baki.

Ga inda ake kuskure. Mutane suna zaton za su ji numfashi ya soma yi musu wuya su juyo. Ba haka abin yake ba. Inda oksijin ya yi ƙaranci sosai, shaƙa kaɗan ta isa, hannu ya saki igiya ba tare da ko ihu ba. Jiƙaƙƙen tsumma a hanci ba ya ƙera oksijin. Riƙe numfashi kuma, da hawa da sauka da ɗaukar ƙato a kafaɗa? Haba malam. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ramukan masu zuwa ceto ne.

Saboda haka kafin komai, leƙa ka kira shi. Ya amsa? Alhamdulillahi, akwai iska. Zura masa igiya mai ƙullin da ba ya zargewa, ya saka ta ƙarƙashin hammata, maza uku ko huɗu su ja a hankali. Idan kuwa ba faɗowa ya yi ba, yana cikin aiki ya sulale ya yi shiru, to ka ɗauka iskar ce, kada kowa ya shiga. Mutum ɗaya ya tsaya a baki, aikinsa kawai tare masu zuciya.

Wani ya kira lambar gaggawa 112 ko 'yan kwana-kwana, su ke da tukunyar iska ta goyo. A kashe inji, a buɗe murfi gaba ɗaya. A samo laima. A buɗe ta, a ɗaura igiya a mariƙinta, a zura, a jawo da sauri, a yi ta maimaitawa. Tana kwaso gurɓatacciyar iska kamar guga. Reshe mai ganye ma yana yi. In akwai fanka, a hura ƙasa, janareto can nesa.

Tsofaffin mahaƙa suna zura fitila, in ta mutu su fasa shiga. Dabara ce mai kyau, amma rabi ce: fitila na iya ci lafiya lau a cikin hayaƙin da zai kashe mutum. A masai kuwa kada a kusanto da wuta ko kaɗan, iskar wurin tana kamawa.

An fito da shi. Kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna ciki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. In ba ya numfashi, danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, hura baki sau 2, a ci gaba ba tsayawa. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan wasu sa'o'i.